Irin Yaya Habsu da Serber ɗin Tasawa

Na san abin da aka gaya muku. A gidan suna, a gidan biki, har a bakin waɗanda suka ci tuwon gidan nan, labarin guda ne: wai babanku ya sa hannu a injin da ba nasa ba, ya ɓata shi, shi ya sa aka fasa kai shi Yamai aka jefa shi Mayahi. Ke Nana, kin fi kowa riƙe wannan magana, domin ke ce aka riga aka ɗinka wa kaya za ki shiga lise, babbar sakandare, a babban birni, kuma ban manta kallon da kika yi mini ba ranar da na ce a kwance akwati. Ban ba ku amsa a lokacin ba saboda kuna ƙanana, ni kuma ina da zuciya, ba na son a ga kamar ina roƙon a wanke ni. Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina iya tunawa. Rabin maganar gaskiya ne, na sa hannu. Ɗaya rabin nake so ku ji daga bakina.

A wancan lokaci ina aiki da wata tarayyar ƙungiyoyin manoma mai biro biyu, wato ofis, babba a nan Tasawa, ƙarami a Mayahi, manyanmu kuma suna zaune Yamai. Ni ne mai kula da ordinater, wato kwamfuta. In allo ya ɗauke, a kira Haruna. In firinta ta haɗiye takarda, a kira Haruna. Har in salular wani ta ƙi caji, Haruna ne. A wani ɗan ɗaki bayan biro akwai babbar ordinater da ake kira serber, wadda duk sauran ke ɗebo bayani daga cikinta, har na Mayahi ta hanyar rezo, wato layin sadarwa. Sunan kowane magidanci da ke cikin tarayyar, da garinsu, da hotonsa, duk a cikinsa suke. Wani kamfani na Yamai ne ya kafa shi, kuma aka yi yarjejeniya a rubuce cewa ba mai canza saitinsa sai su. An ba ni kalmar sirri don in duba lafiyarsa in ba su labari, amma an ja mini kunne: ido naka ne, hannu nasu. Shef ɗinmu, wato shugaban biro, Mushe Idi, mutum ne mai kirki da tsoron abin da bai gane ba. Don ƙaunar da yake wa injin har leshi ya sa aka ɗinka masa aka lulluɓe shi, kamar kayan ɗakin amarya, ya rufe taga, ya riƙe makulli a aljihun gaba.

A shekarar da abin ya faru, daminar da ta gabata ta yanke hatsi yana cikin fitar da kai. Kafin bazara ta yi nisa, gidaje da yawa sun daka irin da suka ajiye sun ci, kuma ba mai hankalin da zai zarge su, domin ba a ce wa yaro mai kuka ya jira kaka. Sai tarayyarmu ta samo irin hatsi mai saurin nuna, aka cika magaza, ɗakin ajiyarmu, da buhuna. Ƙa'idar rabon ita ce kowa ya zo da katinsa, a duba shi a serber, a ga fuskarsa, a rubuta ya karɓa, don kada wani ya ɗauka sau biyu wani ya rasa. Ni ban ga laifin wannan ƙa'ida ba har gobe. Ranar rabo kuwa ba mu muka zaɓe ta ba, ƙafar mutane ce ta zaɓa. Mutumin ƙauye ba ya ɗaura wa jaki amalanke don abu ɗaya, sai ranar kasuwa, ya sayar da ɗan abin da ya kawo, ya sayi gishiri, ya biya ta wurinmu. Saboda haka Lahadi muke rabo a Tasawa, Litinin a Mayahi.

Daga ranar farko abin ya zama abin kunya. Ma'aikaci zai shigar da lambar kati, ya zauna yana kallon allo, mai katin yana kallonsa, har su gaji da kallon juna su fara gaisawa a karo na biyu. Wani lokaci sai mutum ya sha ruwa ya tambayi lafiyar gida kafin hoton ya fito, wani lokaci kuma allon ya daskare gaba ɗaya a sake daga farko. Layi ya fita daga harabar biro ya bi jikin katanga, zafin bazara yana dukan tsofaffi, jakuna suna kuka a gindin bedi. In la'asar ta yi, mutanen Urafane da na bayan Maijirgi dole su kama hanya, yawancinsu hannu banza. Kowa ya ce rezo ne. Ni ma na ce rezo ne, domin a ƙasar nan in tuwo ya ƙi tuƙuwa ma rezo ake zagi. Na hau rufi na juya eriya, na canza waya, na yi ta zirga-zirga tsakanin tebura ina zufa, abin bai motsa ba.

Da muka kai kuka, kamfanin ya turo mana wani matashin injiniya, yaro mai ladabi da sanin aikinsa. Ya iso ranar Laraba. Ya zauna gaban serber, ya gwada wannan ya gwada wancan, komai yana fitowa kafin ka ƙifta ido. Ya sa ma'aikatanmu su shigar da kati a gabansa, abin ya tafi sumul, har ni na ji kunya kamar wanda ya kai yaro asibiti ya tarar yana wasa. Ya koma Yamai ya rubuta cewa inji lafiya lau, sai dai a ƙara wa ma'aikata horo. Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani ya rubuta.

Gwaggonku Habsu tana cikin masu wannan layi. Ku kun san ta tsohuwa mai yawan tsokana, amma ni ita ta goye ni, ita ta riƙa raka ni lakwal, makarantar boko, ina tirjiya. Mijinta ya rasu, ya bar mata gona mai yashi a wani ƙauye bayan Maijirgi da yara da jikoki, kuma ita ma ta ci irinta a wannan shekara. Lahadi biyu a jere ta zo tare da matan garinsu, Lahadi biyu ta koma ba komai. A ta biyun ta biyo gida ta sha ruwa kafin amalankensu ya tashi, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu da suka kumbura. Innarku ta kalle ta, ta kalle ni, ta kasa haƙuri.

"Malam, buhunan ga hwa suna nan cikin magaza, kuma makulli na wurin abokinka. 'Yar tiya nawa ce? Ka ɗebo ma Yaya nata ta huta da wagga wahala."

Kafin in buɗe baki, Yaya Habsu ta ɗaga mata hannu.

"Barira, bar wagga magana. Amalanke guda munka cika, ni da matan garinmu. In koma da iri bisa kai su koma hannu banza? Da wane ido za ni kallonsu bakin rijiya?"

Sannan ta juyo gare ni, da muryar nan da take mini magana tun ina yawo ba wando.

"Kai Haruna, ba kai aka ce kana kiwon abin ba? Shamuwa ta zo, gawo ya hwara zubda ganye, kai ma ka san mi ya rage. In abin ya hi ƙarhinka ka hwaɗa mini gaskiya, in tahi in durƙusa gaban dangin mijina in roƙi iri. In ko kana iyawa, to ka gyara ma kowa."

Na san dangin mijin nan, na kuma san abin da durƙusa musu zai ci mata, domin tun rasuwar suke son gonar. In ruwan fari ya sauka ba ta da iri a hannu, ƙasa za ta bushe kafin ta samo, shekara ta wuce ta, kuma su sami bakin cewa mace ba ta iya riƙe gona ba. Maganarta ta zauna mini a ƙirji. Na ji haushin kaina, na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, duka a lokaci guda.

Washegari Litinin, ana rabo a Mayahi, suna ta kirana a salula suna cewa abin ya sake tsayawa. Maimakon in hau rufi, sai na karɓi makulli wurin Mushe Idi na shiga ɗakin serber. Zafin da ya tare ni kamar an buɗe tanda. Na yaye leshin, na buɗe taga, na zauna na yi abin da ya kamata a yi tun farko, wato in kalli mara lafiya a lokacin da ciwon yake tashi. 'Yar fitilar diski, wadda ta saba ƙyaftawa, tana kunne tsaye ba hutu. Na buɗo jerin ayyukan da injin yake yi a wannan lokaci, sai ga wanda ya cinye komai a sama: kwafin ajiya. Kowane serber yana kwafe abin da ke cikinsa lokaci lokaci don kada a yi asara in ya lalace, kuma abu ne mai kyau. Amma waɗanda suka kafa namu sun sa shi ya fara kwafin kowace Lahadi da safe, domin a wurinsu Lahadi ranar hutu ce, biro a rufe, ba wanda zai damu. A shekarun baya bayanan kaɗan ne, yakan gama kafin a lura. A wannan shekara an ɗauki hoton kowane gida saboda rabon, kaya suka yi yawa, sai kwafin ya riƙa cin Lahadi duka ya shiga Litinin. Kasuwar Tasawa da kasuwar Mayahi ke nan cif. Ranar Laraba kuwa injin ya gama aikinsa yana hutawa, shi ya sa baƙo ya same shi da fara'a.

Da na ƙara dubawa na ga ba wannan kaɗai ba ne. An bar shi a kan saitin tsimin wuta, wanda ke rage masa gudu da gangan, zafin leshi kuma yana ƙara sa shi ja da baya don kada ya ƙone. Sannan ga ayyuka barkatai da ke tashi tare da shi waɗanda ba mu taɓa amfani da su ba, sun cika masa memuwar. Yadda na bayyana wa innarku shi ne, memuwar kamar faifan da ke gaban mai girki ne, diski kuma rumbu ne a bayan gida. In aka cika faifan da tarkace, to kowane ɗan ƙulli na gari sai ta tashi ta je rumbu, ga kuma wani ya tare ƙofar rumbun yana auna abin da ke ciki. Ta ce ai ko ita ce mai girkin da ta zubar da tukunyar.

Na kira Yamai da murnata, ina tsammanin za a ce madalla. Darakta ya saurare ni, ya ce in rubuto, shi ya sa hannu, a aika wa kamfani, su sa mu cikin jerin aikinsu, wataƙila wata mai zuwa. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in taɓa, domin in na taɓa kamfanin zai janye hannunsa daga injin baki ɗaya. Na kira matashin injiniyan. Ya ce ya yarda da abin da na gani, amma shi ma ba shi da izinin canza ko ɗigo sai takarda ta sauko masa. Na fito waje na tsaya. Iska ta riga ta juya tana busowa da ɗanshi, gabas kuma ta fara tara gajimare da yamma tana watsewa. Ba manomin da zai ga wannan ya yi maganar wata mai zuwa.

A lokacin an riga an yi mini alkawarin matsayi a Yamai, takarda kawai ake jira. Innarku ta fara sayar da kajinta, ke Nana kina ta koya wa ƙannenki yadda ake tsallaka titi mai fitila. Da na gaya wa innarku abin da nake shirin yi, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ka san abin da za shi biyo baya?"

"Na sani."

"Nana hwa?"

Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan ta kakkaɓe hannu.

"To in za ka yi, ka yi shi da kyau. Kada mu yi biyu babu, ba Yamai ba iri."

Mushe Idi kuwa, da na je masa da maganar, ya cire hula ya share gumi, ya mayar, ya sake cirewa. Daga ƙarshe ya ajiye makullin a kan tebur kamar ya manta da shi.

"Ni Haruna, ta'aziyya gare ni ƙauye, kuma wurin babu rezo ko kaɗan. Ban gani ba, ban ji ba. Amma don Allah in ka gama ka maida mishi leshinai."

Na ce masa leshin ya yi ritaya ke nan, ya kai wa madam ta yi labule.

Ina so ku san ban shiga aikin nan da garaje ba, domin wanda ya ce muku na yi wa injin hawan ƙawara bai san ni ba. Abin da na fi tsoro shi ne wajen neman gira in rasa ido. In na yi kuskure bayanan suka lalace, ba layi mai jinkiri za a samu ba, rabon ne zai tsaya gaba ɗaya, kuma da hannuna. Don haka na fara kwafe komai a wani diski dabam, na buɗe kwafin na tabbatar yana karantuwa, na kai shi gida na ba innarku ta sa a ƙasan akwatinta. Sannan na ɗora wa kaina doka: canji ɗaya a lokaci ɗaya, in gwada, in ga abin da ya haifar, kafin in taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar tare, in ya yi kyau bai san wanne ya gyara ba, in ya ɓaci bai san wanne zai mayar ba. Don gwajin ya zama na gaskiya, na roƙi ma'aikatanmu da na Mayahi su zauna su riƙa shigar da kati tare kamar ranar kasuwa, ni kuma in tayar da kwafin ajiya da hannu, mu ƙirƙiro wa kanmu Lahadi a tsakiyar mako.

Kwafin na fara gyarawa. Ban kashe shi ba, wannan wauta ce. Na sa shi ya riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai a kowace rana bayan an tashi aiki, babban kwafin kuma na mayar da shi Juma'a daga lokacin da ake tafiya masallaci, lokacin da na tabbata ba kowa a biro biyun. Na kuma rage masa daraja, yadda in ya haɗu da mai duba kati a ƙofar diski, shi zai koma gefe ya ba da hanya. Muka gwada, abin ya sassauta ƙwarai. Na kashe ayyukan banza ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa bayan kowanne ko wani abu ya yi ƙara, na ba ma'ajiyar katunan filin da suka bari, na kuma hana injin saurin kwashe kaya daga memuwar zuwa diski. Muka gwada, ya ƙara sauƙi. Na cire shi daga tsimin wuta, na jawo fanka na kafa masa. Wannan zai ƙara shan man gazuwal in wuta ta ɗauke aka tada gurup, injin ba da wuta, na sani, na kuma ɗauki nauyinsa.

Abin da ya rage shi ne a kashe injin a sake kunna shi, don a ga ko zai tashi da sabon saitin. Ranar Asabar bayan azahar na yi bisimilla na danna. Allon ya yi baƙi. Na saba ganin yadda yake tashi, amma ranar sai ya daɗe fiye da yadda na sani, wani ɗan layi kawai yana ƙyaftawa a kusurwa. Na tuna fuskar Yaya Habsu, na tuna layin da zai taru gobe, na tuna ke Nana da akwatinki, gumi yana bin bayana har cikin wando. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zama ba, ko ranar da aka yi mini aiki a ciki. Ashe diskinsa yake bincikawa, saboda ya daɗe ba a kashe shi ba. Can sai rubutu ya fara gangarowa, layi bayan layi, ya nemi kalmar sirri kamar ba abin da ya faru. Na zame daga kujera na zauna a ƙasa, na yi hamdala.

Lahadi da hantsi harabar ta cika. Na tsaya bayan ma'aikaci na farko. Wata tsohuwa daga wajen Urafane ta miƙo kati, ya shigar da lamba, kafin ya ɗauke yatsa fuskarta ta bayyana a allo. Ya juyo ya kalle ni, yana tsammanin kuskure ne. Na ce masa ya ci gaba. Tsohuwar ma da ta riga ta gyara zama don dogon jira sai da aka ce mata ta tashi an gama, ta ce a'a, ita ba a duba ta ba tukuna. Daga nan layi ya fara tafiya, har masu auna iri a bakin magaza suka fara ihu a dakata musu, su ne yanzu ba sa cim ma aiki. Ban taɓa jin ƙorafin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Wani abu mai nauyi da na yini na kwana da shi tsawon mako ya sauka daga ƙirjina, na ji yunwa ta kama ni a karon farko.

Yaya Habsu ta zo a layinta, ba a gaba ba, tsakiyar matan garinsu. Aka duba ta, aka auna mata, ta ƙulle a zane ta ɗora a ka. Ta zo wucewa ta gabana ba ta tsaya ba, ta dai rage tafiya.

"Ashe dai rakiyar lakwal ba ta tahi banza ba."

Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni. Kafin la'asar ba sauran kowa a jikin katanga. Washegari mutanen Mayahi suka kira, ba don kuka ba, sai don su tambaya ko sabon inji aka kawo. A cikin makon nan hadari ya haɗu da rana tsaka, ya yi duhu, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fito ƙofar biro na tsaya a cikinsa da kayan aiki a jikina, ina dariya ni kaɗai, masu wucewa suna cewa Haruna ya taɓu. Na san a wannan lokaci akwai iri a ɗakunan mutane daga nan har Mayahi, kuma da gari ya waye za a fita da sungumi.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Kamfanin ya gano an canza saiti, ya rubuta wa darakta, darakta ya rubuto mini. Aka sake turo matashin nan ya mayar da komai yadda yake. Na roƙe shi abu ɗaya, ya zo ranar Lahadi, ya kuwa zo. Ya zauna ya duba abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, ya fita ya kalli masu karɓar irin wake da aka kawo daga baya suna shiga suna fita, ya dawo ya rufe jakarsa.

"Baba, ni ban ga abin da za ni maidawa ba. Amma dole in rubuta an taɓa, don an taɓa."

Na ce ya rubuta, kada ya yi ƙarya saboda ni. Saitin nan haka ya zauna har injin ya tsufa aka sauke shi, ba wanda ya canza ko ɗaya. Ni kuma aka ce na karya yarjejeniya, wanda gaskiya ne, aka ba wani matsayin Yamai, aka tura ni Mayahi in kula da ƙaramin biro. Shekaru na yi ina bin wannan hanya, ina ganinku a ƙarshen mako. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Ya yi, musamman ranar da ke Nana kika ninke sabbin kayanki kika ba ƙanwarki ba tare da kin ce uffan ba. Na so a ce kin yi kuka ko kin yi mini rashin kunya, da ya fi mini sauƙi. Hakkinki ne ki ji haushi, domin ba a tambaye ki ba aka biya da rabonki. Amma in aka mayar da ni gaban injin nan yau, da shamuwa a kan bishiya da matan nan a jikin katanga, zan sake dannawa.

Da kaka ta yi, sai ga amalanke a ƙofar gida, Yaya Habsu a kai da damin hatsi. Gonar tana hannunta, ba ta durƙusa wa kowa ba. Ta zaro zangarniyoyi mafi kyau daga damin, ta ɗaure su dabam, ta sa aka rataye a zaure, ta ce wa innarku ko yunwa za ta kashe mu wannan ba na ci ba ne. Su ne waɗanda kuka tashi kuna gani a saman ƙofa kuna tambaya me ya sa ba a dakawa. Kowace shekara takan sauke tsofaffin ta rataya sababbi daga abin da gonar ta bayar, kuma tun da Allah ya karɓi abarsa, babban ɗanta ne ke kawowa.

Nana, lokacin da kika zo gida wankan ɗanki na fari, innarku ta dama miki kunun kanwa da hatsin da aka kawo daga wannan gona, jikan jikan irin da gwaggonki ta ɗauka a ka ranar Lahadin nan. Ina zaune a bakin ƙofa da carbi, na yi niyyar in gaya miki duk wannan a ranar. Sai na ji kina ce wa innarki a ƙaro, wai ba ki taɓa shan kunu mai daɗinsa ba. Na mayar da maganata ciki, na bar ki ki ƙoshi.